Kwana Shida da Honarabul a Kujerar Baya

Ku da kuka sauka watan jiya, na ji abin da kuke faɗa ɗazu muna cin shinkafa. Wai tuƙi a Doha ba aiki ba ne, mota ce ke canja giya da kanta, waya ce ke nuna maka hanya, kai naka kawai ka zauna cikin sanyi. Ban tanka ba don bakina a cike yake. Yanzu na wanke hannu. Ku matso, yau Juma'a ce, babu mai fita duti kafin la'asar.

Tanko sunana, ko da yake duk wanda ya kwana a gidan nan na Fereej Abdel Aziz Baba Tanko yake ce mini. Na haura shekara talatin riƙe da sitiyari, mafi yawansu a gida.

Lodin farko da na ɗaure a rayuwata albasa ce, buhu tara, a saman bas ɗin maigidana Alhaji Mamman Dogo, a tsohuwar tashar garinmu. Ba mu yi nisa ba igiya ta kwance, albasa ta bi titi tana gangarawa. Alhaji bai zage ni ba. Ya gangara gefe, ya kashe mota, ya zauna a ƙarƙashin wata tsamiya, ya ce in tsince ta ɗaya bayan ɗaya, fasinja suna kallona. Da na gama ya nuna mini ƙullin da ba ya kwancewa, sau ɗaya tak. Shekara uku na yi a hannunsa ina wanke mota, ina duba baƙin mai da ruwan lagireto, ina buga taya da sifana in saurari ƙararta, kafin ya bar ni na taɓa makulli. Ranar da ya ba ni wuri kuwa, abin da ya fara gyara mini madubin ciki ne. Ya ce, “Tanko, hanya kowa yana ganinta. Kai ka koyi ganin wanda ka ɗauko. Ka san mai jin fitsari yana jin kunyar faɗa, ka san mai ɗauke da labarin mutuwa, ka san wanda za a yi wa magana da wanda za a ƙyale.”

A hannunsa na san ƙungiyar direbobi, kuma ina so ku ji wannan da kyau don kada ku ce ni maƙiyinta ne. Ranar da birki ya yanke wa Alhaji a wata gangara, 'yan ƙungiya ne suka ciro shi, su suka kai shi asibiti, su suka riƙe gidansa har ya miƙe. A wancan zamanin kowa abin da ya samu yake sakawa, da son ransa. Daga baya abin ya juye. Aka kawo tikiti na dole, kullum safiya, ko ka yi lodi ko ba ka yi ba. Aka sa ƙarfe a bakin ƙofar tasha da samari masu katako mai ƙusoshi. Ba wanda zai tambaye ka ko kana son shiga. Ranar da ka sayi mota ka zama ɗan ƙungiya. In ka yi gardama a zare maka makulli, ko a sace iskar taya. In kuma ka yi haɗari, ka kira ofis, waya ta yi ta ƙara.

Ana cikin haka wani malamin makaranta mai suna Barau ya fito neman kujerar majalisar jiha. Ranar da ya zo tasha babu dandamali, sai aka ce in matso da bas ɗina. Ya hau samanta da lasifika a hannu, siriri ne a lokacin, iska tana kaɗa masa riga. Ya ce in Allah ya kai shi majalisa, ƙudirin farko da zai gabatar shi ne a soke kuɗin ƙungiya na dole, mai so ya shiga, wanda ba ya so a bar shi ya nemi abincinsa. Tasha ta ɗauki kabbara. Ranar zaɓe muka yi ta jigilar tsofaffi da mata zuwa rumfa kyauta. Ya ci. Bayan 'yan watanni hanyar Qatar ta buɗe mini, na bar wa ƙanena Sale bas ɗin, da ɗan lotsawar da ƙafar Barau ta yi wa rufinta.

Gwajin lasin na nan sau biyu ina faɗuwa. Ni, da furfurata. Na farko wai ban juya kaina sosai ba da zan sauya layi, na biyu wai na shiga shataletale da ƙarfin hali irin na gida. Na koma makaranta na zauna kusa da yaran da na haifi kamarsu. To, ku da kuke cewa ba aiki ba ne, ku jira naku.

Fasinjata ta farko a kamfanin da nake wata dattijuwa ce 'yar ƙasa, daga Al Rayyan zan kai ta asibitin ido. Ba ta ce mini komai ba tun da ta shiga, sai na ga a madubi tana jan mayafi tana rufe kafaɗa. Na rage sanyi. Can na ga tana kare fuska da hannu, na sauya layi na bi inuwar gine-gine. Da za ta sauka ta kira ofis ta ce daga yau wannan ɗan Afirka take so. Kayan aikina a nan ba jak da sifana ba ne. Ƙyalle biyu ne, ɗaya na gilashi ɗaya na kujera, da ruwa mai sanyi, da caja iri uku, da ɗan turaren da ba ya hawa kai. Sai babban kayan aiki, wato shiru. Dokar kamfani ce, ba ka fara yi wa baƙo magana. Kana ji, amma ba ka ji ba. Ita kuma wayar da kuke taƙama da ita, ta san titi amma ba ta san an rufe shi da safen nan ba, ba ta san ƙofar da babban mutum yake son a sauke shi ba.

Shekarar korona wata nas 'yar Filifin na riƙa ɗauka, daga masaukinsu zuwa asibiti, da hantsi. An rataya leda mai kauri tsakanina da ita, kowa da takunkumi, idonta kawai nake gani, shi ma a rufe yake mafi yawan lokaci. Motocin kamfani duk an jere su a fili an lulluɓe, mu kaɗan aka bari, albashi ya koma rabi. Ban taɓa ganin gari irin Doha ta wannan lokacin ba. Titin bakin teku layi-layi babu kowa. Dogayen benayen can suna tsaye cikin tururin zafi kamar an yanke musu ƙafafu an rataye su a sama. Jiragen katako suna kwance a kan ruwa ba sa motsi. Danja ta yi ja, in tsaya, ni kaɗai, in jira wanda ba zai zo ba ya tsallaka. Wani lokaci in na dubi ƙarshen kwalta inda take ƙyalli kamar ruwa, sai in ga kamar tasharmu ce take tasowa, da mai shayi, da masu kiran lodi, bakinsu yana motsi babu sauti. Sai danja ta yi kore, in wuce ta cikinsu.

A gida kuwa abin ya fi muni. Da aka ɗage kulle aka ce kowace mota rabin fasinja za ta ɗauka, amma tikiti cikakke. Wata safiya Sale ya roƙi Ɗan'asabe, mai yankan tikiti a ƙofa, ya bari sai ya dawo da yamma. Aka zare makulli, aka fasa madubi, aka ajiye bas ɗin kwana goma sha ɗaya tana shan rana. Bai farfaɗo daga wannan ba. Kafin ƙarshen shekara ya sayar da ita ya koma tuƙa motar wani. Direbobi suka rubuta wa Honarabul Barau takarda, suka je gidansa sau uku, kullum yana babban birni.

Shekarar gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, gari ya cika har ba ka jin harshe ɗaya sau biyu a rana. Wata safiya sufabaizanmu, wani Basudane da muke ce wa Ustaz Bashir, ya miƙo mini takarda. “Yalla, Tanko, baƙo daga ƙasarku, kwana shida, kai kaɗai.” Na karanta sunan. Na sake karantawa. Najeriya ba ta zo gasar ba, amma manyanmu sun zo kallo.

A filin jirgi na ɗaga allo mai sunansa. Ya yi ƙiba, ya yi haske, bai gane ni ba, kuma ban sa ran zai gane ba. Ranar farko ban ce uffan ba sai gaisuwar Turanci. Yana ta waya da Hausa a bayana, maganar tazarce, zaɓe saura 'yan watanni. Rana ta biyu sanyin mota ya sa shi atishawa, ya ce alhamdu lillahi, na ce, “Yarhamukallah, ranka ya daɗe. In rage sanyin?”

Ya zabura. “Kai! Bahaushe ne? Ɗan ina?”

Na faɗa masa. Ya yi ta murna, ya ce Allah ya haɗa shi da ɗan mazaɓarsa a ƙasar Larabawa. Na bar shi da murnarsa har washegari. Rana ta uku, da na ga a madubi ya ci ya ƙoshi ya miƙe ƙafa, na ce, “Ranka ya daɗe, motar da ka hau samanta a tsohuwar tasha, tawa ce.”

Ya yi dariya, amma idonsa ya koma taga. “Allah sarki, an sha gwagwarmaya. Maganar tikiti ko? Ana kai, Malam Tanko. Tana gaban kwamiti.”

Tun ranar da na ga sunansa na kira Sale. Na ce ya bi tasha lokacin cin abinci, duk direban da ke da magana da Honarabul ya naɗi muryarsa a waya a turo mini, a taƙaice, ban da zagi. Rana ta huɗu za mu filin wasa na Al Rayyan da la'asar, gosulo ya riƙe mu. Ko'ina tutoci, mutane da fenti a fuska suna tafe a gefen titi, wasu da ganguna, wani ya yi shigar zaki, amma gilashi a rufe, komai yana wucewa shiru kamar a ƙarƙashin ruwa. Na san ba zan sake samun wuri irin wannan ba, babu gaba babu baya. Na ce, “Ranka ya daɗe, mutanen gida sun ji kana tare da ni, sun aiko da gaisuwa. In saka?”

“Saka mana,” in ji shi.

Muryar farko ta wani tsoho ce, Malam Audu, wanda ya fi kowa daɗewa a layinmu. Ya yi sallama, ya ce shi ne ya riƙe masa tsani ranar da ya hau mota, yana tambaya ko ya sauka lafiya, don tun ranar ba su sake ganinsa ba. Sai wani, sai wani. A bayan kowace murya ana jin tasha, ham, da mai kiran saura mutum ɗaya, da akuya tana kuka a kan lodi. Tasharmu ta cika motar nan mai ƙamshi, a tsakiyar Doha. Wata mata ta ce mijinta ya rasu a kan hanya da tikitin ranar a aljihunsa, ba wanda ya zo mata gaisuwa daga ofishin ƙungiya. Da aka zo kan Sale, bai faɗi komai game da bas ɗin ba, cewa ya yi, “Honarabul, mu dai mun cika namu.”

“Kashe,” in ji Honarabul.

Na kashe nan take.

“Shirya mini ka yi ke nan? Ka san kira ɗaya zan yi wa kamfaninku gobe ka kwana a jirgi?”

“Haka ne, ranka ya daɗe, kira ɗaya ya isa. Sai dai in an mayar da ni, tashar nan zan koma, kuma da bakina.”

Kiran kuwa ya yi shi. Da safe Ustaz Bashir ya ajiye mini takardar gargaɗi ya ce in sa hannu, in aka sake ta biyu, khalas, sai gida. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Abin da ban gane ba, na ce zan sauya masa direba, ya ce a'a, kai yake so.”

Rana ta biyar ya ce in kai shi Souq Waqif ya sayi turare da abaya na iyali. To, kun san yaranmu nawa ne a kasuwar nan da kewayenta, masu gadi, masu tura baro, masu aiki a gidajen abinci. Da yawa 'yan yankinmu ne, wasu iyayensu direbobi. Na riga na faɗa musu wanda ke tafe, na ce kowa ya gaishe shi da ladabi, ya yi tambaya ɗaya, ya koma bakin aikinsa. Muka shiga lungunan nan masu rufin katako, hayaƙin turaren wuta yana yawo, rana tana sauka ta ƙananan ramuka kamar zare. A kwanar farko wani mai gadi da inifam ya rusuna. “Honarabul, barka da zuwa. Ya maganar tikiti?” A shagon dabino wanda ya ɗaure masa leda ya ce, “Allah ya ƙara girma. Ya maganar tikiti?” Mai baron da ya ɗauki kayansa ma haka. Honarabul yana waiwaye kamar wanda ya farka bai san a wane gari yake ba. Da muka fito fili inda tattabaru suke, suka tashi gaba ɗaya, ya tsaya cak yana kallonsu har suka zagayo suka sauka.

Ya nemi kujera a wani shagon shayi, ya sa aka kawo shayin karak kofi biyu, ya ce in zauna. Doka ta hana, amma na zauna.

“Malam Tanko, bari in gaya maka gaskiya. Ƙudirin nan bai je gaban kwamiti ba. Na rubuta shi tun watan farko, yana cikin durowata. Shugabannin ƙungiya su ke kawo wa jam'iyya motoci da samari ranar zaɓe. Ranar da na ambace shi, abokan aikina har gida suka biyo ni, wai in bar maganar.”

Na ce, “Su suna kawo motoci, ranka ya daɗe, amma mu muke tuƙa su. Yaran nan da ka gani ba su da ƙuri'a a nan, amma kowannensu akwai gidan da in ya kira ana sauraronsa. Kuma ba cewa muka yi a kashe ƙungiya ba. Ni na ga ranarta. Cewa muka yi a bar ta ta nemi yardarmu.”

Ya juya kofin a hannunsa. “In na gabatar na faɗi zaɓe fa? Ka ba ni tabbacin zan dawo?”

“A'a. Ni ban iya alkawarin abin da ba ya hannuna ba.”

Ya dube ni, na ɗauka zai tashi. Sai ya yi wata 'yar dariya mara daɗi ya shanye shayinsa. Rana ta shida na kai shi filin jirgi. Bai ba ni ko riyal ba, bai kuma ce komai a kan tikiti ba. Da na sauke masa akwati ya ce, “Ka iya tuƙi, Malam Tanko.” Shi ke nan.

Kada ku ɗauka daga nan aka gama. Takardar gargaɗin nan ta sa aka cire ni daga ɗaukar manyan baƙi, wata biyar ina jigilar leburori a bas tsakanin masauki da wurin gini. Mu na nan muka raba kwanaki, kowace Juma'a mutum goma za su kira ofishin Honarabul su gaishe shi su yi tambayar nan. Na gida kuma suka riƙa kiran shirin rediyo na safe. Duk ranar zaman majalisa Sale da Malam Audu da wasu za su ajiye mota, su sa wankakkun kaya, su hau benen 'yan kallo su zauna inda zai gan su, ba sa cewa komai. Kowane zama asarar lodin yini ne gare su. Sau biyu aka sace wa Sale iskar taya huɗu.

Saura makonni kaɗan zaɓe Honarabul ya miƙe a zauren majalisa ya karanta ƙudirin. Aka yi masa ihu, aka jingine shi. Shugabannin ƙungiya suka juya masa baya, direbobi suka fito da motocinsu kamar wancan karo, ya tsallake da ƙyar. Sai a shekarar da ta biyo baya ƙudirin ya wuce, bayan an rage masa abubuwa da yawa. Kuɗin shara da gyaran tasha yana nan, kowa zai biya. Amma na ƙungiya ya zama ganin dama, kuma an haramta zare makulli da taɓa taya.

Ina cikin wanke gilashi da hantsi Sale ya kira ni, ranar da dokar ta fara aiki. Ya ce ya yi lodi ya nufo ƙofa, ga Ɗan'asabe nan tsaye, shi ɗin dai da ya zare masa makulli, da littafin tikiti a hannu, babu katako. Ya matso taga ya ce, “Malam Sale, za ka biya na ƙungiya yau?”

Sale ya ce ya daɗe yana kallonsa, inji yana aiki, na baya suna ta ham. Ya ce masa, “In na ce a'a fa?”

“Sai ka wuce. Allah ya kiyaye hanya.”

Na ce, “To, me ka yi?”

“Na biya, Yaya.”

“Ka biya? Bayan duk wannan?”

“Tun da na fara tuƙi ba wanda ya taɓa tambayata a ƙofar nan,” in ji shi. “Yau an tambaye ni, na ga dama.”

Washegari bai ga dama ba. Ɗan'asabe ya ɗaga masa ƙarfen, ya wuce da fasinjansa.